Kowa Ya Zo Da Buhunsa

Ko da zan manta da ranar da na fara aikin jarida, ba na jin zan manta da Asabar ɗin da rabin ƙasar Argungu ta yi sammako ta tsaya a ƙofar injin Alhaji Manu, kowa da buhu naɗe a hammata. Tunda ɗayanku ya kumbura min fuska jiya don na riƙe masa labari har wani shafi ya riga mu, to ku ja kujeru ku zauna. Ni Kulu ba na riƙe labarin kowa don mugunta. Akwai dalili, kuma dalilin nan Lawali ake ce masa.

Bari in fara da yadda muke a lokacin, saboda sababbin cikinku. Na gama shekaruna a ɗakin labarai na gidan rediyo, na yi ritaya, ina zaune ina kiwon kajina lafiya lau, sai Murtala ya zo har gida ya roƙe ni in zama editar shafin labaransa na intanet. Murtala dai shi ne wanda kuke kira Oga yanzu. Ofishin a lokacin ɗaki ɗaya ne a saman wani kemis a Nasarawa, nan Birnin Kebbi, da fanka mai ƙara ba iska. Muna da wakilai a garuruwa, kowa da yankinsa, kuma Argungu da Augie suna hannun Lawali.

Lawali mutum ne mai ƙafa da fara'a. Abu ba ya faruwa a bakin gulbi bai ji ba. Ya haura talatin bai yi aure ba, ga shi ya mutu a kan Saratu, ɗiyar Alhaji Manu Mai Inji. Manya sun shiga maganar, an sa rana, biki saura 'yan makonni. Duk wanda ya shigo ofis, ko mai kawo mana ruwa ne, sai ya ji labarin Saratu ko yana so ko ba ya so.

Tsarin aikinmu na farko mai sauƙi ne. Wakili ya rubuta labari a wayarsa ya turo min. In karanta tun daga kanu har layin ƙarshe, in duba suna da sarauta da rana da wuri. In wani abu ya yi min wari, in buga waya in tambaya. Sai na gamsu sannan in danna, labari ya hau shafi. Mabuɗin shafin, wato lambobin sirrin da ake shiga da su a wallafa, ni da Murtala kaɗai muka san su.

Ana nan sai Murtala ya fara ƙorafi. Wasu shafukan suna riga mu, masu talla kuma yawan masu karatu suke dubawa. Wata Litinin ya tara mu ya ce ya yanke shawara.

"Anti Kulu, intanet ba takarda ba ce. Jarida in an buga an buga, amma mu ko yaushe muna iya shiga mu gyara. Kafin ki gama neman tabaranki wasu sun kwashe mutane."

Na ce, "Murtala, magana zarar bunu ce."

Ya ce, "Anti, bunu na da ne, yanzu kwano ake rufi da shi."

Yara suka kwashe da dariya. Ya raba wa kowane wakili mabuɗi, ya ce kowa ya wallafa daga inda yake tsaye. Ni kuma in riƙa bi daga baya in na samu sarari. Wato dai an mai da ni mai shara bayan an watse biki. Na ji haushi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Amma shafinsa ne, kuma maganar gaskiya an fara riga wasu, masu karatu suna ƙaruwa. Na bar shi da tsarinsa, ina zuwa ofis in na ga dama.

Sai dai akwai wata ɗabi'a ta wakilai da Murtala bai lissafa da ita ba, wadda muke kira ɗumame. Wakili in yana sauri ba ya fara rubutu daga farko. Sai ya kwafo wani tsohon labari mai kama da wanda yake hannunsa, ya cire sunaye ya sa sababbi, ya sauya gari da rana, ya turo. Duk ɗakin labarai ana yi, kada wani a cikinku ya yi min fuskar waliyyi. Da can in an turo min ɗumame nakan gane shi tun daga ƙamshi, in tsince abin da ya rage na jiya. Yanzu kuwa ba mai tsincewa.

Shi kuwa Alhaji Manu, sai na gaya muku ko wane ne sannan za ku gane girman abin. Da dako ya fara a kasuwar shinkafa, yana ɗaukar buhu a ka, har Allah ya buɗa masa ya sayi injin casa. Manoma su kawo shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, ya cashe musu, su biya ladan inji su kwashe abinsu. Mutum ne mai amana, ba a taɓa cewa ƙwarar wani ta ɓata a hannunsa ba. Amma fa hannun nan a dunƙule yake. In yana zagaya inji ya ga ƙwayar shinkafa a ƙasa, durƙusawa yake ya tsince. Ba ya kiran kowa a waya, sai dai ya yi maka filashin ka kira shi. In ya zo gangara a babur kashe shi yake yi. Duk Argungu an san haka, kuma shi ma ya san an sani, bai dame shi ba.

To a shekarar, bayan an kwashe shinkafar rani, Alhaji ya ƙara sabon inji babba, ya kira malamai ranar Alhamis aka yi addu'ar buɗewa. Lawali ya ga dama ta samu ta burge suruki. Ya je da sabuwar shadda, ya ɗauki hotuna ta kowace kusurwa. Ana shafa fatiha aka aiko daga cikin gida cewa an ajiye masa abinci, kuma Saratu ce ta girka. Ina hankali? Ya tsaya a gindin bishiya ya kwafo labarin da muka yi bara, na wata ƙungiyar taimakon marayu da ta buɗe rumbun abinci nan Birni. Ya cire sunan ƙungiya ya sa na Alhaji, ya cire rumbu ya sa inji, ya ƙara yabo har da wanda Alhaji bai san yana da shi ba. Ya danna, ya sa waya a aljihu, ya nufi tuwo. Bai ja rubutun ya ga abin da ke can ƙasa ba.

Ni ban ma san an yi ba. Ranar Juma'a da la'asar ina tsakar gida ina tsintar wake, sai ga maƙwabciyata Hajjo ta yi sallama.

"Kulu, ara mini buhu. Babba in da hali."

"Buhun mi?"

"Ji ta! Ku da kunka rubuta? Gobe Alhaji Manu na Argungu za shi raba shinkahwa kyauta. Ɗiyata ta karanta mini. Ko ɓoye muna kika yi don ki tahi ke ɗai?"

Na ce wane Alhaji Manu? Ta ce mai inji. Wallahi da farko dariya na yi. Da na ga ba wasa take ba, na ajiye faranti na ɗauko waya da tabarau. Labarin ya tafi daidai har kusan ƙarshe, sai ga sakin layi na ƙarshe yana zaune daram yadda muka buga shi bara: ranar Asabar da hantsi za a raba shinkafa kyauta a harabar wurin ga marayu da zawarawa da masu ƙaramin ƙarfi, ana roƙon kowa ya zo da buhunsa. Ba sunan ƙungiya a ciki, ba sunan gari. Harabar wurin kawai aka ce, sai ya zauna wa injin Alhaji kamar don shi aka rubuta.

Na ce wa Hajjo kuskure ne, ba abin da za a raba. Ta dube ni sheƙeƙe, ta ce to, ta fita. Na kira Lawali. Ya ɗauka da murna.

"Anti, kin ga yadda labarin Baba ke tafiya? Tun da anka buɗe shafin ba mu taɓa samun mutane haka ba!"

"Ka karanta shi har ƙasa?"

"Ai ni na rubuta shi, Anti."

"Ban tambaye ka wa ya rubuta ba. Buɗe ka ja har ƙasa, ina jiranka."

Can sai na ji salati, sannan wata ƙaramar murya da ban san Lawali yana da ita ba.

"Anti, na mutu. Anti, aurena."

Na kira Murtala. Shi ko a jikinsa. Ya shiga ya goge sakin layin, ya rubuta gyara a sama cewa ba za a raba komai ba, ya kira ni yana dariya.

"Kin gani? An gyara. Abin da nake gaya miki ke nan, da jarida ce da yanzu muna kuka."

Na ce ya duba abin da mutane ke rubutawa a ƙasan labarin. Na farkon da ya gani cewa ya yi, "Sun goge don su raba wa danginsu. Jama'a kowa ya yi sammako!" Ashe tun daren Alhamis an ɗauki hoton labarin ana turawa guruf-guruf a waya. Wani mai babbar murya ya karanta shi a saƙon murya saboda waɗanda ba su karatu, kuma da yake mai son alheri ne, ya ƙara da cewa har da man ja. A wani ƙauye an ce bayan sallar Juma'a aka yi sanarwa. Gyaranmu yana zaune a shafi shi kaɗai, labarin kuwa ya haye gulbi tun jiya.

Abin da ya rage shi ne a gaya wa Alhaji. Na karɓi lambarsa na kira, a kashe, don yana kashe waya da yamma saboda caji. Lawali ya kira Saratu, ta ce ita ba ta iyawa. Ta ce tun safe mutane ke kiran Baba suna sa masa albarka, shi kuma ya ɗauka ta sabon inji ce, ba ta taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na yau ba. Na ce wa Lawali to kai ka shiga ka faɗa masa, ba a Argungu kake ba? Ya ce, "Anti, suruki na fa. Ko gaisuwa daga nesa nike durƙusawa. Da wane baki?" Kun san kunyar surukai a wajenmu. Saurayi ba ya tunkarar uban yarinya da magana kai tsaye, ko ta alheri ce, sai ya nemi babba ya shige masa gaba. Ya yi ta zagaya ƙofar gidan har aka yi magariba bai shiga ba. Daga ƙarshe ya roƙe ni da girman Allah in zo gobe in zama babbar. Na ce zan zo, amma da Murtala, a motarsa, da mansa.

Asabar muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Tun kafin mu yi nisa muka fara cin ma jama'a. Keke bayan keke, babur bayan babur, kowa ya ɗauko mutum biyu uku, kuma kowa da buhu. Wata motar kasuwa ta wuce mu, yaron mota yana rataye yana kiran, "Argungu shinkahwa! Argungu shinkahwa!" Na juya na dubi Murtala na ce, "Oga, ba ka tsayar da su ka nuna musu gyara?"

Da muka isa, layin ya taso daga ƙofar inji ya bi bango ya sha kwana. Mata a gefe, maza a gefe, wasu da jiƙaƙƙen bakin wando alamar da jirgin ruwa suka haye. Masu ƙosai sun kafa kasko, mai shayi ya jera benci. Wani maroƙi ya samo lasifika yana zuba wa Alhaji kirari. Kuma wa zan gani a gaba-gaba cikin layin mata in ba Hajjo ba, da buhun da ta aro a wani gidan.

"Hajjo! Ban ce miki kuskure ne ba?"

"Kin ce. Ni dai na ce in zo in gani da idona. Ke kuma mi ya kawo ki in babu komi?"

Na wuce abina. Lawali ya tare mu ta baya, idanunsa jajur, ya shigar da mu ta ƙaramar ƙofa. A ciki an kashe inji, an sa sakata. Manoman da shinkafarsu ke wurin kowa ya hau kan buhunansa ya zauna, wani har da sanda. Alhaji Manu yana kan benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ashe da asuba ya fito ya tarar da jama'a, ya ɗauka gobara ce, sai da wani ya karanta masa hoton labarin. Lawali ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa can nesa kusa da tarin dusa.

Na gaida Alhaji, na gabatar da kaina, na yi bayani tun daga ɗumame har zuwa tuwo. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Wa ad da shafin?"

Murtala ya matso. "Ni ne, Alhaji. Kuskure aka samu, amma tun jiya muka gyara. Ga shi ma ka gani."

Alhaji ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa, ya duba, ya miƙa masa.

"Madalla. To tahi ka nuna musu."

Murtala ya je ya leƙa ta ramin ƙofa, ya daɗe yana leƙe, ya dawo ya nemi wuri ya zauna. Can ya ce ko a kira 'yan sanda su sallami mutane cikin lalama. Alhaji ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"In kira 'yan sanda su kore zawarawa daga ƙohwata? Gobe da wane ido za ni shiga masallaci?"

Wani manomi daga kan buhunsa ya ce, "Alhaji, tamu dai amana ta."

"Na sani. Ko ƙwara ba a taɓa muku."

A waje maroƙi ya ƙara murya: "Manu ruwan Rima, kowa ya zo ya sha! Manu mai hannu sake!" Alhaji ya runtse ido.

"Ku ji wanga maƙaryaci. Tun ina dako yake wuce ni bai taɓa buɗe baki ba, don ya san ko goro ba shi samu."

Na so in yi dariya, amma da na dubi fuskarsa sai tausayi ya kama ni. Mutum ne da bai yi wa kowa alkawari ba, an yi da sunansa, kuma an zo karɓa. In ya kore su, har ya mutu ana cewa shi ne ya tara marayu ya yi musu dariya, ba wanda zai tuna da wani shafi. In ya buɗe buhunan da ke gabansa, ya ci amanar da ya yi shekaru yana tsarewa. Ya daɗe yana juya hular nan a hannu. Sannan ya miƙe, ya ciro ɗan mabuɗi daga aljihun ciki, ya buɗe wani ƙaramin ɗaki a ƙuryar inji. Buhuna ne a jere, casassa, fara tas.

"Wagga tau ta. Ta bikin Saratu ta, da ta walima da wadda za a kai ta da ita ɗaki. Tun kaka nike tara ta." Ya juya wajen ma'aikatansa. "Ku hiddo."

Daga wajen tarin dusa na ji wani ɗan sauti ya fito daga maƙogwaron Lawali. Ba wanda ya waiwaye shi.

Aka buɗe ƙofa ɗaya. Alhaji ya ce shi zai auna da kansa, kuma mudu ɗaya ne kowa, ko da tirela ka zo. Jama'a, ban taɓa ganin kyauta irin wannan ba. Zai cika mudu, ya sa tafin hannu ya shafe bakin, ƙwayoyin da suka yi tozo su koma buhunsa, sannan ya juye yana kau da kai. Murtala da farar shaddarsa aka sa shi riƙe bakin buhu, kafin azahar ya koma kamar wanda aka tono daga rumbu. Ni aka ba ni layin mata, na yi ta faɗa har muryata ta dishe. Hajjo ta karɓi nata, ta leƙa cikin ƙaton buhun, ta dube ni ta ce, "Ba kin ce babu ba?" Wani dattijo kuma ya karɓa ya tsaya, ya ce, "Alhaji, man jan fa?" Kallon da Alhaji ya yi masa ya sa ya tafi bai ko ɗaure bakin buhu ba.

Bayan azahar shinkafa ta ƙare. Aka kakkaɓe buhu na ƙarshe. Layi kuwa da saura, har bayan kwana. Kuma waɗanda suka rage su ne na nesa, waɗanda hanya ta cinye wa safiya. A nan dariya ta ƙare mini.

Alhaji ya ajiye mudu. Tun safe bai dubi inda Lawali yake ba, sai yanzu.

"Lawali."

"Na'am, Baba."

"Abokinka ya ce kun gyara cikin waya. To ga waɗanda gyaran bai kai wa ba. Tashi ka bi su ɗai-ɗai, ka hwaɗa musu da bakinka cewa ni ban yi alkawari ba, kai ka yi, kuma babu. Ban yarda da lasifika ba. In ka kai ƙarshen layin ga, mu yi magana. In ba ka iyawa, ga hanyar Birni nan, Allah shi haɗa kowa da rabonai."

Lawali ya miƙe. Ya fita ba takalmi, na bi shi a baya don kada a yi masa illa. Ya tsaya gaban mutum na farko, ya ce, "Baba, ni na rubuta. Kuskurena ne, Alhaji bai san da maganar ba. Ta ƙare. Ka yi haƙuri." Mutumin ya zage shi tas. Na biyu ya ce a biya shi kuɗin mota. Wata mata ta naɗe buhunta ta zabga masa a wuya, wata ta ce Allah ya isa har da ɗaga hannu sama. Wani kuma ya ce ya ji, amma don Allah a rubuta sunansa saboda rabon gaba. Lawali bai tsallake kowa ba. Duk wanda ya zo gabansa sai ya faro daga farko, ni na rubuta, kuskurena ne.

Can kusa da ƙarshe akwai wata tsohuwa zaune a ƙasa ta jingina da bango, ƙafafunta sun yi futu-futu. Daga wani ƙauye bayan Augie ta taso. Lawali ya durƙusa ya faɗa mata. Ta sa hannu a kunne, ya sake faɗa. Ta dube shi da kyau.

"Kai ka rubuta, ɗana?"

"Ni ne, Inna."

"To ba komi. Jikata ta karanta mini, nic ce ta sake, ta sake. Nic ce tunda rubutawa anka yi, ba a rubuta ƙarya." Ta jawo buhunta ta shimfiɗa a cinya, ta shiga ninke shi a hankali, gefe da gefe. "Bari in mai da ma masu shi, kada su ce na daɗe."

Da zagi ta yi da ya fi masa sauƙi. Lawali ya zauna a ƙasa a gabanta, ƙato da shi, ya fashe da kuka. Ita ce ma ta koma ba shi haƙuri. Ni kaina na juya baya na gyara tabarau. Murtala, da ya biyo mu yana kakkaɓe riga, ya je ya kawo mota ya kai ta har gida. Da ya dawo bai yi wa kowa maganar intanet ba.

Lawali ya share fuska ya ƙarasa sauran mutanen, har na ƙarshe. Muka koma ciki. Ashe Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu yana kallo. Lawali ya durƙusa a inda ya saba. Alhaji ya sa hularsa, ya gyara mata zama, ya yi magana da ni kamar Lawali ba ya wurin, yadda surukai ke yi.

"Hajiya, ki hwaɗa ma yaronku rubutu dai bai iya ba. Amma ya iya ba da haƙuri, kuma wanda za shi zauna da Saratu shina buƙatar hakan. Rana tana nan inda anka sa ta. Shinkahwa kuwa ya riga ya yi walimatai, kowa ya shaida."

Haka aka yi. Aka ɗaura auren ɗiyar mai injin shinkafa mafi girma a unguwar, aka ci tuwon dawa da miyar kuka. Duk wanda ya tambayi ina shinkafa, sai Alhaji ya nuna masa ango.

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan Asabar ɗin nan Murtala ya sauya mabuɗin shafi, ya rubuto min sabon a waya. Abin da muka daidaita a kai shi ne tsarin da kuka tarar: wakili ya turo, in karanta a duk inda nake, ko a gidan biki ne, ba sai na zo ofis ba. In gobara ce ko ambaliya, ina karantawa ina tsaye. Amma ba abin da zai hau shafi sai ido na biyu ya bi shi har layin ƙarshe. Wani lokaci a riga mu, na sani, kuma yana yi min ciwo kamar yadda yake muku.

Abin da na koya a ranar, bayan duk shekarun da na yi a aikin nan, shi ne yawancin masu jin labarinmu ba su taɓa buɗe shafinmu ba. Wani ne ke karanta musu, sau ɗaya, kuma ba ya komawa ya karanta musu gyara. Mu a nan muna ganin rubutu ne da za a iya gogewa. Su kuwa a kansa suke aron buhu su kama hanya. Saboda haka in na riƙe labarinka ka ga ina ja har ƙasa, kumbura fuskarka yadda kake so. Lawali yana nan, shi ne mataimakina yanzu, kuma kun san ya fi ni tsanani. In kuna ganin na cika jinkiri, ku kai masa. Sai dai kada ku tambaye shi labarin tsohuwar nan, don har yau ba ya iya kai shi ƙarshe.